Dutsen da Na Jefa a Tafki

Ni 'yar Sarkawa ce, a bakin kogin Yawuri aka yanke mini cibiya. Kafin in iya ɗaura zane na iya gyara tarwaɗa. Ubana da taru yake kamu, in ya dawo sai maza biyu sun taya shi sauke giwan ruwa daga jirgi. To ku duba mace irina, a ce mijinta ya shigo gida a nan Bronx da wani kwaɗon roba kore, mai ƙugiya biyu kwance a gadon baya, ya ce wai da shi zai kama kifi.

Na ce, "Alhaji, wane kifi ne zai ci roba, in ba kifin Amurka ba?"

Ya ce, "Ke dai bari, Basarkiya. Nan ba Yawuri ba ne."

Shi ɗan tudu ne, bai taɓa riƙe filafili ba. Tasi ya tuƙa a garin nan fiye da shekara ashirin, kuma a wajen wani fasinja ya ɗauko wannan sha'awa. Akwai tafki a cikin babban lambun da ke can ƙarshen layin jirgin ƙasa, a nan yake zuwa da sandarsa mai ƙarfen naɗe zare. Kifin da yake nema sunansa bas, mai baki kamar na tulu. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne dokar wurin: in ka kama, ka cire ƙugiya ka mayar da shi ruwa. Shekaru na ƙi bin Alhaji wurin. Na ce ni ba a haife ni don in gaisa da kifi in sallame shi ba.

Ciwon suga ne ya kai ni bakin tafkin nan. Ya fara cin idonsa na hagu, ya koma na dama, cikin shekara biyu Alhaji ba ya ganin tafin hannunsa. Ya ajiye tasi. Daga ranar na zama idonsa. Ni ban yi boko ba, amma kwalaben maganinsa na haddace su da launin murfi, ban taɓa kuskure ba. Komai sai ya ce, "Me kika gani, Hajiya?" Ko sama ta yi hadari, ko rigarsa ta yi tabo, ko wa ya gaishe shi a Fordham Road bai gane murya ba. Abin da na ce, shi ke nan, ba ya sake tambayar kowa.

Kamun kifin bai bari ba. Ya ce a cikin duk kayan yaudarar kifi da ke akwatinsa, masu yawo a saman ruwa su ne na makaho, don su da kunne ake bin su. Akwai kwaɗon nan, akwai wani guntun katako mai kwarmin baki, in ka fizge shi ya yi ɓul, ɓul. In kifi ya taso ya kai masa cafka, ruwa yakan fashe, ko kana can kan benci sai ka ji. Ni aikina in tsayar da shi a gaɓa, in dafa kafaɗunsa in juya shi. "Dama kaɗan. Akwai reshe a samanka. To, jefa." Ya jefa, ya fizga, ya tsaya, ya fizga. Ni kuma in riƙa faɗa masa abin da ruwa ke yi.

Lokacin da ya fi so shi ne farkon zubar ganye. Ya ce in ruwa ya fara hucewa, bas yakan koro ƙananan kifaye zuwa gaɓa, yana cika ciki kafin sanyi. Kullum muka isa sai ya durƙusa ya tsoma hannu. In ruwan ya ƙara sanyi, ya ƙara jinkiri tsakanin fizga da fizga, mu kuma daina sammako, mu bari sai rana ta ɗumama gefen duwatsu bayan azahar. Wata rana zai tsoma hannu ya ce, "Sun sauka ƙasa." Sai mu naɗe sai baɗi.

A shekarar da nake ba ku labari, kafin ganye ya fara ja, takalmi ya goge masa ɗan yatsan ƙafa. Ƙafafunsa sun daɗe da mutuwa, ko allura ka soka ba ya ji. Ni nake wanke wurin kowace safiya da ruwan ɗumi da gishiri, in ɗaure. Shi kuma ya ce, "Me kika gani?" In ce, "Da sauƙi."

Haka aka rene mu. A gidanmu ba a taɓa duban mai ciwo a ce masa jiki ya tsananta ba. Kakata tana kan gargara ana ce mata da sauƙi, ita ma tana amsawa da sauƙi. Makon farko ma gaskiya na faɗa. A na biyu bakin gyambon ya fara duhu. A na uku na fara zuba turare a safarsa.

Muna da 'ya ɗaya, ta fari, ma'aikaciyar jinya ce, tana aure a ƙetaren kogin garin nan. Na san in ta ga ƙafar nan, asibiti za ta kai shi a ranar, kuma tafki ya ƙare. Shi kuwa tun shigowar kaka bai samu cafka ko ɗaya ba, kullum muka dawo sai ya ce, "Ɗaya kawai, Hajiya. In ji ɗaya ya fasa ruwa, sai mu naɗe." Na ce a raina, bari ya ji ɗayan nan, washegari da kaina zan kira ta. In ta zo ziyara na sa masa safa biyu, na ce sanyi yake ji.

Sau biyar muka je babu komai. Sau ɗaya dai na ga ruwa ya murɗa a bayan kwaɗon, wani babba ya biyo shi har kusa da gaɓa ya juya. Na faɗa masa, ya yi dariya kamar an ba shi kujerar Makka.

Zuwa na shida ranar Talata ce. Ganye ya gama zuba, ya rufe gefen tafkin, duk jifa sai na cire masa ruɓaɓɓen ganye daga ƙugiya. Babu kowa sai wata mata can nesa da karenta. Ya tsoma hannu, ya goge a wando. Ni ma na taɓa. Na san ruwa, ba sai an gaya mini ba. Kifayen sun sauka.

"Mu tafi, Alhaji."

"Juya ni wajen duwatsun nan."

Ya ɗaura katakon mai ɓul-ɓul. Ya jefa, ya fizga, ya ƙirga har goma a fili, ya sake fizga. Yana tsaye ya karkata a kan ƙafar mai lafiya bai ma sani ba, iska tana kaɗa masa wando. Daga inda nake ina jin warin, duk da turaren. Na duba ƙasa na ga dutse, kamar girman ƙwan agwagwa. Ban yi dogon tunani ba. Na ɗauka, na jira ya fizga ya tsaya, na wurga dab da katakon.

Ruwa ya fantsama. Na ce, "Ga shi! Ya kawo cafka, ya kuskure!"

Alhaji bai motsa hannu ba. Shi da ko ɗan tsaki ruwa ya yi sai ka ga kafaɗarsa ta tashi. Ya tsaya har ruwan ya kwanta, sannan ya fara naɗe zare a hankali, har katakon ya zo ya bugi kan sanda.

Ya ce, "Kifi daga ƙasa yake zuwa. Ruwa ya buɗe, sannan ya rufe. Wannan daga sama ya zo."

Ya juyo wajena.

"Ke da kika tashi a jirgi, ni za ki jefa wa dutse? Ɗan tudu ne ni, amma ba kurma ba ne."

"Don ka ji daɗi ne, Alhaji."

"Wanda kika ce ya biyo kwaɗo ran nan, shi ma don in ji daɗi ne?"

"Wallahi wannan na gan shi da idona."

"To." Ya laluba ya maƙale ƙugiya a jikin sanda. "Ƙafata fa?"

Na buɗe baki in ce da sauƙi, maganar ta ƙi fita. Ya jira. Da ya ji ban ce komai ba, ya zaro waya daga aljihu, irin wadda ake yi wa magana, ya ce ta kira masa 'yarsa. A gabana ya ce mata, "Ki zo yau ki duba mini ƙafa. Ke nake so ki duba." A cikin jirgi ya riƙe gwiwar hannuna kamar kullum, don ba shi da wata madafa, amma har muka sauka bai tambaye ni ko wace tasha muke ba. Da kunne ya bi sanarwa.

Da yamma 'yar ta zo, tana zare masa safa ta biyu ta ɗago ta dube ni. Da Turanci ta fara, sannan ta tuna da wa take magana. "Mama, tun yaushe?" Na ce kwana biyu ne. Ta ce, "Mama." Ba ta ƙara ba.

A asibiti, yatsu biyu likitoci suka fara cirewa. Bayan mako uku suka yanke daga ƙasan gwiwa. Na tambayi 'yata ko da an zo da wuri da ba a kai ga haka ba. Ta ce ba ta sani ba, ta kau da kai. Ita ma 'yar gidan ce, ta iya namu salon.

Ya dawo gida a keken guragu. Bai taɓa yi mini faɗa ba, bai gaya wa kowa a masallaci ba. Abinci in na ba shi ya ci ya ce an gode. Magani kuwa, 'yar ta kawo wani akwati mai ɗakuna bakwai, ta cika shi duk Lahadi, ya riƙa lalubawa da kansa. Wata safiya ina tsaye a taga na ce, "Alhaji, ƙanƙara ta sauka, duk motoci sun yi fari." Ya ce, "Allah Sarki." Na shiga kicin, sai na ji shi yana tambayar wayarsa yanayin gari.

Shekara arba'in da ɗaya muna tare. Wata huɗun ƙarshe bai sake ce mini me kika gani ba. Ya rasu kafin tafkin ya narke.

Da ganye ya sake ja, na ɗauki sandarsa na hau jirgi ni kaɗai. Ban san me na je nema ba. Na tsoma hannu, ruwan ya huce daidai yadda yake so. Na ɗaura kwaɗon, na jefa wajen duwatsun, na fizga, na jira. A jifa ta huɗu ruwa ya buɗe. Ban fizga da wuri ba, na bari sai da na ji nauyin kifin a hannuna, yadda Alhaji ke yi. Ya kai tsawon kamu guda. Na riƙe shi ta leɓe, na cire ƙugiya, ni 'yar Sarkawa, na mayar da shi ruwa.

Da la'asar 'yata ta kira. Na ce mata na je tafki, na kama babba a kwaɗon babanta.

Ta ce, "Da gaske, Mama?"

Ban rantse ba. Na ce mata ta gaishe da mijinta.