Taba a Bakin Tanki

Motata ta dame ni da warin isansi, wato man fetur, amma ko ɗigo babu a ƙasa. Za mu Guci, sai na tsaya wurin wani makanike a Magariya. Ya ce tururin mai ne ke sulalewa ta wani wuri. Kafin in ankara, ɗan banzan ya ƙyasta ashana ya kunna taba, ya zare siririn tiyon tanki ya busa hayaƙi a ciki. Sai ga hayaƙin yana fita ta wata 'yar kafa kamar ta allura.

"Alhaji, ka gani?" in ji shi, har da dariya.

Na gani. Har yau ba na amsa gaisuwarsa. Tsohuwata tana zaune cikin motar sa'ad da ya ƙyasta ashanar nan.