Sakataren da Ya Bar Mana Jan Layi

Da hantsin ranar Talata, tara ga watan Yuli, ina kan tsani a bayan wani shagon ɗinki, shugaban ƙungiyarmu ya kira ni ya ce Allah ya yi wa Sakatare rasuwa bayan jinyar kwana huɗu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na sauko a hankali na zauna a matakin ƙasa, sifanar ɗaure noti tana hannuna.

Sakatare, shekara goma sha tara kana riƙe da littafin ƙungiyar masu ɗaura farantin satalayit da jan wayar talabijin, ni kuma shekara goma sha tara ina gardama da kai. Duk wanda ya san mu ya san a kan me. Idan ka ɗaura wa mutum faranti ka saita shi hoto ya fito tas, sai ka zaro gwangwanin jan fenti ka ja layi ɗaya daga jikin ƙarfen da ke riƙe da shi zuwa maƙalar farantin. Sannan ka kira mai gidan ka nuna masa: in iska ta juya shi, ya sassauta noti, ya haɗa layi da layi, ya ɗaure. Ba sai ya nemi kowa ba.

Mu kuwa ranmu ba ya so. Damina ce lokacin cin kasuwarmu, domin duk daren da aka yi iska, washegari wayoyinmu ba sa hutawa. Na sha faɗa maka cewa kana koya wa mutane yadda za su manta da mu. Sai ka yi dariyar nan taka mai girgiza kafaɗa, ka ce wanda ka koya wa juya faranti, kai zai nema ranar da zai sayi sabo.

Duk farkon shekara muna taruwa a ɗan ofishinmu mai benci uku da fankar da ke ƙara ba iska, mu tsara abubuwa biyar da ƙungiya za ta sa a gaba. Wasu su ce a fara da neman sassaucin harajin shigo da dikoda. Wasu su ce katin shaida, don a bambanta mu da masu jagwalgwala wa mutane waya. Akwai masu son a koyar da mambobi sababbin na'urori, akwai masu kukan igiyar ɗaure ƙugu ga masu hawa sama. Kai kuma kullum buƙatarka ɗaya: a wajabta wa kowane mamba jan layi. Kullum mu tura ta ta biyar, kullum lokaci ya ƙure ba a zo kanta ba. Wata shekara ka miƙe da littafinka, fuska ba wasa, ka fara karanto jerin daga ƙasa. Sai da ka yi nisa shugaba ya farga. Ranar har mai shagon maƙwabta sai da ya leƙo jin abin da ya ba mu dariya.

Ba faranti kaɗai ya sha fentinka ba. Madubin babur ɗina har yau akwai jan layinka a wuyansa, wai don in daina ɓata lokaci ina gyara shi. Maiɗakinka ta ce ba ka da rigar da aljihunta bai yi ja ba. Amma kai ne ka bi gida-gida a unguwar tsofaffin ma'aikata lokacin da aka rufe tsohon tsarin watsa shirye-shirye, kana nuna wa dattawa maɓallin da za su danna. Kai ne kuma ka yi wata biyu kana yi wa ɗaya daga cikinmu ayyukansa sa'ad da ya faɗo ya karye, ba ka taɓa faɗa ba, shi ya tona bayan jana'iza.

Bana ka samu alkawarin za a kaɗa ƙuri'a a kan buƙatarka a taron tsakiyar shekara. Ni ne na bi mambobi ɗaya-ɗaya ina roƙon su ƙi. Ina jin kunyar rubuta wannan, amma gaskiya ce.

Mako biyu bayan rasuwarka aka yi iska mai ƙarfi. Babbar 'yarka ta kira ni ta ce, “Kawu, talabijin ɗin ya ɗauke, kuma Umma ta ce shirun gidan ya yi mata yawa.” Na ce mata abu ne mai sauƙi, ta sa a haɗa layi da layi. Ta ce sun duba, babu layi.

Ban yarda ba sai da na hau da kaina. Na share ƙarfen da hannun riga, na leƙa ta kowane gefe. Mutumin da ya ja wa rabin gari layi bai ja wa gidansa ba! Na sauko ina murmushi, na ce wa maiɗakinka yau dai na kama Sakatare da laifi. Ita ma ta yi murmushi, ta ce ta taɓa yi maka wannan tsiyar, ka amsa mata da cewa, “Gidan da nake ciki me zai yi da layi?”

Daga nan murmushin ya ƙare mana mu duka. Ta shiga ɗaki ta ɗauko gwangwaninka da ɗan burushin. Na koma sama na saita farantin, jikokinka suka yi ihu daga falo cewa ya kawo, na ja layin. Bai miƙe kamar naka ba.

Ranar Asabar aka yi taron. Shugaba bai gama karanta buƙatar ba na ɗaga hannu, waɗanda na zuga suna kallona baki buɗe. Ta wuce ba hamayya, kuma a saman jerin aka rubuta ta.

Allah ya jiƙanka, Sakatare, ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinka da 'ya'yanka da jikokinka da dukkan mambobin ƙungiya. Allah ya ba mu haƙurin rashinka. Gwangwanin yana wurina, kuma aljihun rigata ya riga ya yi ja.