Yadda Aka Kashe Gawon Tasha Aka Ɗora Mini

A lokacin da abin nan ya same ni, ni mai tuyar ƙosai ce da dama koko a bakin hanyar da ta fita daga Matameye ta nufi Tsauni, daidai inda motocin ƙauye suke lodi. Ina da ƴaƴa biyar. Maigidana manomi ne, amma yanar ido ta fara rufe masa gani, don haka kaskona ne yake riƙe da rabin gidan. Wurin sana'ata gindin wani babban gawo ne, irin wanda mutum biyu ba sa iya zagaye shi da hannu. A nan na taso na ga uwata tana tuya, a nan ta bar mini kaskon. Da bazara, idan rana ta ɗaga, direbobi da fasinjoji da masu amalanke duk ƙarƙashinsa suke taruwa, awakin unguwa suna tsintar ƴaƴansa a tsakanin ƙafafunmu. Ban taɓa ɗaukar itacen nan a matsayin nawa ba, amma na san inuwarsa ce take kawo mini masu saye.

Filin da ke bayan gawon na wani Alhaji ne, ɗan kasuwa mai shigo da kaya daga ƙetaren iyaka. Yana son ya gina jerin shaguna a wurin, gawon kuwa ya tsaya daidai inda ƙofofin za su kalli hanya. A ƙasarmu kowa ya sani, gawo ko a cikin gonarka yake ba ka da ikon sare shi sai da izinin ma'aikatan gandun daji. Alhaji ya je ya nema, suka hana shi, suka ce itacen lafiyarsa ƙalau. Da bakinsa ya ba da labarin a kan bencina, yana cin ƙosaina yana dariya, yana cewa a zamanin nan itace ya fi ɗan Adam gata. Muka taya shi dariya, har da ni.

Da damina ta kama, sai ga kamiyo, babbar motar kaya, ya zo ya juye yashi a gindin gawon, leburori suka baza shi ya zagaye itacen har ya kai gwiwar mutum, suka jera bulo a gefe. Washegari Alhaji ya zo da kansa. Ya gaishe ni da mutunci, ya tambayi jikin maigidana, sannan ya roƙe ni in matsar da murhuna kusa da itacen, wai inda nake a bakin inuwa nan ne amalanken kayan gini za su riƙa bi. Na ce masa tun zamanin uwata ba ma haɗa wuta da jikin gawon. Ya ce ai na ɗan lokaci ne, da zarar an kwashe kayan zan koma wurina. Na duba girmansa da furfurarsa, na ji nauyin in yi masa musu a gaban mutane, na matsa. Har guntun kwano na samo na kare tsakanin wutar da itacen, amma hayaƙi ba ya jin kariya, a hankali ya baƙanta ɓawon ta gefena. Wasu safiyoyi nakan ji warin baƙin mai yana tasowa daga yashin, sai in ce ai tasha ce, masu gyaran mota ne suka zubar.

Ga wanda bai san gawo ba, shi da damina yake zubar da ganye ya tsaya tsirara, sai an yi kaka yake sake tsirowa. Saboda haka duk tsawon daminar nan babu wanda ya ga wani abin mamaki. Sai da aka gama yankan hatsi, gawon gonaki duk suka yi kore shar, namu yana nan a bushe kamar ƙashi. Ƙananan rassa suka fara karyewa suna faɗowa, wani har cikin man tuyata. Kullum da safe sai in ɗaga kai in duba ko zan ga ɗan tsiro, ban gani ba.

Wata ranar kasuwa, tasha cike da mutane, ma'aikatan gandun daji biyu suka iso a kan moto, wato babur. Alhaji yana wurin tun kafin su zo, daga baya na ji ashe shi ne ya je ya kai rahoto. Ya ja su har gaban murhuna, ya nuna musu baƙin hayaƙin da ke jikin itacen, ya ce wutata ce ta dafa gawon har ya mutu, kuma shi ya sha yi mini gargaɗi in janye na ƙi ji. A gabana ya faɗi haka, idonsa cikin nawa, da carbi a hannunsa. Da na ce shi ne ya sa ni matsowa, sai ya girgiza kai ya ce wa ma'aikatan su yi mini a hankali, mace ce mai ɗawainiya, ruɗewa ce ta sa take faɗin abin da ba ta sani ba. Wannan tausayin ƙaryar ya fi ƙona mini rai fiye da ƙazafin kansa. Na juya na dubi direbobin da suka yi shekaru suna karya kumallo a wurina, kowa ya sami abin kallo a wani gefe.

A buro, wato ofishinsu, shugaban ma'aikatan bai wulaƙanta ni ba, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya ba ni kujera, ya tambaye ni ko na hura wuta kusa da itacen, na ce na hura. Ya tambayi wanda ya sa ni, na faɗa. Ya ce in kawo ko mutum ɗaya da ya ji lokacin da aka yi maganar. Na koma wurin ɗan kamashon tasha, wanda ranar da Alhaji ya roƙe ni yana zaune a bencina da kofin koko a hannu, ya ji komai. Ya ce mini shi abubuwa sun yi masa yawa a ka, ba ya tuna zancen damina. Na san dalili, rabin lodin da yake samu kayan Alhaji ne. Haka na bi mutane ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ba ni haƙuri, babu wanda ya bi ni. Aka yanka mini tara. Akuyata da ƴaƴanta, waɗanda nake kiwo don a kai maigidana Damagaram a yi masa aikin ido, su na kai kasuwa na biya.

Bayan nan abin ya zo wa Alhaji da sauƙi. Busasshen itace a bakin hanya haɗari ne ga jama'a, don haka aka ba shi takardar da a da aka hana shi. Ya ɗauko masu yanka daga Damagaram da injinsu na yankan itace. Ina tsallaken hanya na kalle su. Ɗaya ya ɗaura igiya a ƙugu ya hau, injin yana rataye a bayansa, ya fara daga rassan sama yana yankewa, na ƙasa suna sassauto su da igiya don kada su faɗa kan motoci. Ƙarar injin ta cika unguwa, garin itace yana sauka a kan mayafina. Itacen da ya girmi kakata, kafin azahar ya koma gungume tsaye. Da suka zo kayar da gungumen, dole suka sa shebur suka janye yashin da ke gindinsa, a nan ne abin da aka binne ya fito. An ɓare ɓawon itacen an zagaye shi kaf, faɗin tafin hannu, an huda ramuka a cikin naman itacen, ramukan cike da baƙin mai da ya daskare. Wutata ba ta taɓa kaiwa wurin ba, yana can ƙasa, ƙarƙashin yashin Alhaji.

Na tsallaka hanya da gudu ina kiran mutane su zo su gani, kuma sun zo, sun gani. Na riƙe hannun rigar babban mai yankan, dattijo ne, na ce ya faɗa wa jama'a ko wannan aikin wuta ne. Ya dubi wurin, ya dube ni, ya ce, “Baiwar Allah, ni yanka aka kawo ni, ba shaida ba.” Ya ja igiyar injinsa ya tayar. Ɗan Alhaji ya sa aka fara ɗora guntun gindin a amalanke kafin sauran. Na nufi buro a ƙafa, aka ce shugaban ya fita daji. Da ya zo washegari, an riga an tone kututturen an ƙone, an ja ramin harsashin gini a wurin. Ya tsaya a tsakiyar tasha ya tambaya ko akwai wanda ya ga abin da nake faɗa. Mutanen da jiya suka yi ta salati a kan ramukan nan, yau babu wanda ya ɗaga kai. Shugaban ya ce mini a hankali shi zuciyarsa ta ba shi gaskiya nake faɗa, amma ba a hukunta mutum da abin da zuciya ta bayar.

Shagunan sun tashi, an yi musu fenti. Ni ina tsallaken hanya ƙarƙashin rumfar buhu, rana tana dukana ta sama wuta tana dukana ta ƙasa. Idon maigidana na dama ya rufe kafin mu sake tara abin zuwa likita. Har yau idan baƙo ya tambayi inda ake sayar da ƙosai, akwai masu ce masa ya je wurin matar da ta kashe gawo. Da Alhaji zai tafi umara, ya aiko a zagaya maƙwabta a nema masa gafara, aka kawo mini ƙullin dabino. Na mayar, na ce a faɗa masa ya zo tasha ya faɗi wanda ya kashe itacen a gaban waɗanda ya yi mini ƙazafi a gabansu, daga nan sai mu yi maganar yafiya. Bai zo ba, ya yi tafiyarsa ya dawo.

Abin da na koya shi ne, dokar da ke kare itace tana da kyau, amma ba ta da ido, abin da aka nuna mata shi take gani. Mai son kawar da itace ba ya rasa hanya, kuma kafin ya fara yakan tanadi wanda zai jingina wa laifin. Ina kira ga ƴan'uwana masu sana'a a gindin itatuwa, masu tuya da masu shayi da masu faci: idan kuka ga an tara yashi ko shara a gindin itacen da ake son wurinsa, ku tona ku duba, ku je ku sanar tun yana da rai. Idan babban mutum ya roƙe ku wata alfarma, kada kunya ta hana ku kiran shaidun da ba a hannunsa suke ci ba. Ku kuma da kuka gani da idonku kuka yi shiru, ina sayar muku da ƙosai kullum, ina amsa gaisuwarku, amma ku sani kuna cikin waɗanda ban yafe wa ba.