Baƙin gilashin Ladi

Jiya da rana na shiga gidanmu a Unguwar Boro, na tarar Mama za ta rufe tukunya da wani baƙin gilashi. Ƙanwata Ladi ta fito da gudu ta karɓe.

Ashe aikin digirinta na uku ne, wani sabon nau'in sola da ake kira perovskite, wanda ake shafa sinadarinsa a gilashi kamar fenti.

Ta ajiye shi a rana, ta jona masa ƙaramar fanka. Nan take fanka ta kama juyawa.

Na ce, "To me ya rage, Ladi?"

Ta ce, "Yaya, yin ƙarami kamar farce ba wuya. Da ka faɗaɗa shi sai ƙarfinsa ya ragu, danshi ya mai da shi rawaya. Na farkona kwana biyu ya yi ya mutu. Wannan a kan rufin gidanmu ya yi damina, ga shi har yanzu baƙi."

Shekara huɗu muna mata tsiya wai ta ƙi gama makaranta. Ku ma akwai wanda kuke gani kullum a gida, ba ku san girman aikinsa ba?