Farin Tabo a Wuyan Hannuna

Ina alwalar azahar a bayan ɗakin Gwaggo, na zuba ruwa a hannun hagu, sai na ga wani farin tabo a wuyan hannun, faɗinsa bai fi wuri ɗaya na kuɗin dā ba. Na murza, bai fita ba. Na sake murzawa da bakin zane. Sai na zauna a kan turmi, butar na hannuna.

A Kalgo nake, wajen ƙanwar mahaifina. Daga Gwandu aka kawo ni a kan jaki, bayan na sauke Alƙur'ani na ɗan yi nisa a littattafai, don in koyi aikinta. Gwaggo ba ta ɗori, ba ta ba da sassaƙe. Inda maɗori ya gama, nan take farawa. Hannun da ya warke amma ya sandare, ko wanda ciwo ya raunana, ita ke zama da mai shi har ya koma ga abin da ya saba yi. Ƙa'idarta ɗaya ce: kada ki taɓa hannun mutum sai kin tambaye shi abin da yake so ya yi da shi.

Wadda aka fara bar mini wata dattijuwa ce daga Diggi, muna ce mata Inna. Kuturta ta cinye mata kan yatsu biyu, sauran kuma ba su cika jin zafi ko sanyi ba. Ranar farko na manta da ƙa'idar, na zo mata da carbi mai manyan 'ya'ya, don a zatona abin da tsohuwa za ta so ke nan.

"Malama ƙarama," in ji ta, "tasbihina da baki nika yin shi, kuma bakin lafiya lau. Mazarina nika so."

Kaɗi take so ta koma yi. Muka zauna shawara a gindin darbejiya. Na ce a naɗa wa mazarin tsumma ya yi kauri yadda zai riƙu. Ta ce tsumma zamewa zai yi, a sa fata. Muka gwada duka biyun, fatar ta zauna. Kullum da safe in jiƙa hannuwanta a ruwa mai ɗumi, in shafa musu man kaɗe da tafina, sannan mu yi wani wasa: ta rufe ido, in taɓa ta da ɗan yagen auduga, ta nuna wurin. Da haka muka san inda ke ji, da inda za a tsare daga bakin murhu. Muka kuma yi alkawari, ba mai ɓoye wa 'yar'uwarta rauni komai ƙanƙantarsa.

Zarenta na farko ya fito da kauri kamar igiyar guga. Ta ɗaga shi ta ce a kai wa masunta su ɗaure jirgi. Ban taɓa jin daɗin zama da mutum kamar a kwanakin nan ba. Ina koya mata riƙo, tana ba ni labarin mutanen bakin gulbi.

Sai ga tabon nan. Ban gaya wa kowa ba. Na ja mayafi na rufe shi. Na riƙa tuna yadda ake ware wa Inna ƙwaryarta daban a gidan suna, da yadda mata ke janye yaransu in ta wuce.

Da gari ya waye na je, na jiƙa mata hannu kamar kullum, amma da tsumma na shafa man, ina kallon ƙasa.

"Ɗiyata, yau tsumma ka gaishe ni?"

"Hannuna ne da sanyi, Inna."

"Ni da ba ni jin sanyi? Sake wata."

Na ci gaba da shafawa da tsumman.

"Alkawarin da munka yi," in ji ta a hankali, "ke kinka ce na mutum biyu ne. Kawo hannun."

Na yaye mayafin. Ta daɗe tana dubawa, fuskarta ba ta sauya ba. Ta miƙa hannu cikin taskira, ta tsinko yagen auduga da yatsun da a watan baya ko ludayi ba sa riƙewa.

"Rufe ido, malama. Ban da leƙe, na san halin almajiran Gwandu."

Ta taɓa gwiwar hannuna, na nuna. Ta taɓa tafi, na nuna. Sai na ji wani abu kamar tafiyar tururuwa a kan tabon kansa.

"Nan," na ce.

Ta sake, ta sake, kowane karo ina ji.

"Nawa, sa'ad da ya faro, ƙaya ta shiga ban sani ba," in ji ta. "Amma kada ki tsaya ga maganata ni kaɗai. Kira Gwaggonki."

Gwaggo ta fito da hannu duk gari. Ta ja ni cikin hasken hantsi, ta kankare wurin da farce, wani abu ya tashi kamar dusa. Ta dubi bayan wuyana, ta ce ga wasu nan biyu.

"Kyasbi ne. Zufa ke kawo shi, rabin 'yan matan garin nan na da shi. Ba abin da ya same ki."

Na durƙusa a wurin ina hamdala, hawaye na zuba. Inna ta bar ni na yi mai isata, sannan ta turo mini kaskon man da ƙafa, ta miƙo hannuwanta biyu.

"To, malama, aje tsumman nan. Rana na yi, ga auduga na jira."