Ƙaguwar Kawu a Randata

Jiya na ga ƙaguwa cikin kwandon mai kifi, sai Kawu ya faɗo mini a rai.

Malamin jami'a ne. Shekarar da ruwan madatsar Tiga ya ci garinmu, kowa na kukan gonarsa, shi kuwa ya zo ya naɗe wando yana ɗaga duwatsu a bakin ruwa. Duk ƙaguwar da ya kama sai ya juya ta, ya ce, "Ke kuma wa kika gado?"

Ya ajiye guda a tsohuwar randata. Da safe na leƙa, na ga biyu. Maƙwabta suka taru. Mijina ya ce ko a fasa randar ko Kawu ya bar gidan, ba a kiwon aljanu a nan.

Kawu ya tsamo ɗaya ya ɗora a tafina. Ba nauyi, ba komai a ciki, kamar ɓawon gyaɗa, sai ƙarnin laka.

"'Yar nan, riga ta tuɓe. Girma take yi."

Randa ta tsira, amma har yau ban gane abin da ya ƙare rayuwarsa yana nema a jikinsu ba. Allah Ya jiƙansa, Ya nuna masa amsar a can.