Kujera Mai Kunnuwa da Fatar Gidanmu

Shekarun baya da yawa, tun Turawa na riƙe da ƙasar nan, ina da 'yar rumfar kafinta a bakin kasuwar Makarfi. Ban daɗe da dawowa daga Zariya ba, inda na yi shekara huɗu ina koyon aikin katako, kuma in faɗa muku gaskiya, a lokacin kaina ya fi rumfar girma. Benci nake yi da akwatin amare da ƙyauren ɗaki, amma in kun ji ni ina cika baki sai ku ɗauka ni na ƙera jirgin ƙasa.

Mahaifina baduku ne a Saulawa ta ƙasar Ikara, haka ma mahaifinsa. Ni ne babban ɗansa namiji, ni aka sa ran zan gaji sana'ar, sai na ce warin fata ya ishe ni, aikin zamani zan koya. Bai zage ni ba, bai kuma hana ni ba. Sai dai tun daga ranar magana tsakaninmu ta tsaya a gaisuwa. In na je gida na durƙusa, zai amsa, ya tambayi iyali, sannan ya mai da kansa kan ɗinkinsa. Mun fi shekara biyar a haka.

Wata Laraba kasuwa na ci, sai ga masinjan wani Baturen gona da ke zaune a bariki yana kula da noman auduga. Ya ce maigidansa na neman kafinta. Na bi shi. A barandar gidan na tarar da wata kujera da ban taɓa ganin irinta ba. Bayanta dogo ne har ya wuce kan mai zama, kuma daga sama, dama da hagu, wasu fukafukai biyu sun fito kamar kunnuwan giwa. Ƙafafun gaba a lanƙwashe suke kamar na barewa, ƙarshensu an sassaƙa ƙafar tsuntsu ta damƙe ƙwai. An lulluɓe ta da fata wadda tsufa ya mai da ita baƙa-baƙa, an jera ƙusoshin tagulla a gefe. Amma gara ta cinye ƙafar baya guda, fatar kuma ta tsattsage kamar ƙasar fadama da rani.

Masinjan ne ya yi mana tafinta. Baturen ya ce ta kakansa ce, a jirgin ruwa ta zo Ikko, jirgin ƙasa ya kawo ta Zariya. Kunnuwan, in ji shi, an yi su ne don tare iska mai sanyi idan tsoho ya zauna gaban wuta a ƙasarsu. Matarsa za ta iso nan da sati uku, kuma a kan kujerar ya zauna ranar da ya nemi aurenta, ba ya so ta tarar da ita haka. An ba shi shawara ya aika da ita Kaduna, amma yana tsoron hanya ta ƙarasa ta. Ya tambaya ko zan iya.

Ko kallon kujerar ban sake yi ba na ce wannan ai ƙaramin aiki ne.

Aka ɗauko mini ita har gida. Abu na farko da na yi bayan sun tafi shi ne na zauna a kai, na ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, na kira maiɗakina ta zo ta ga Bature. Kafin ta fito ƙafar nan mai gara ta karye, ta tarar da ni a ƙasa, ƙafafu a sama, kujera a kaina. Ta yi dariya har sai da ta dafa bango, ta ce Allah ya ba Bature lafiya.

Da na buɗe cikinta na ga abin mamaki. Ɗamarar igiya ce a saƙe a ƙasa, a kanta wayoyi naɗaɗɗu da ke lotsawa su taso, a samansu kuma gashin wutsiyar doki cunkus, an ɗinke shi da zare. Aikin katakon bai ba ni wahala ba. Na samo busasshen maɗaci na sassaƙa sabuwar ƙafa, na shafa mata mai har ta yi kama da 'yan'uwanta. Gashin dokin na wanke na shanya, inda ya kasa na ƙara da audugar rimi. Cikin kwana biyar na gama, ina ta jin daɗin kaina.

Sai aka zo kan fata. Na sayo fatar saniya na ja, na buga ƙusa. Wurin kunnuwan ta ƙi lanƙwasa, ta yi tattara nan, ta yi kumburi can. Na cire na sake, na sake cirewa. A karo na uku kujerar ta fito kamar jakin da aka yi wa lodi a karkace. Ga katakon kakan mutum na fara cika shi da ramukan ƙusa, ga kwana goma sun tafi. Na san in na lalata ta, ba rumfata kaɗai za ta rufe ba, a Makarfi ma sai dai in riƙa bin bayan gari.

Maiɗakina ce ta ce, "Maigida, ka san mai iya wannan aikin. Kunya ce kawai ta hana ka."

Washegari na hau keke na biya kasuwa na sayi mazarƙwaila, don na san mahaifina na son ta, na nufi Saulawa da guntun tsohuwar fatar a aljihu. Na gaishe shi, ya amsa kamar kullum. Na yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe dai na ajiye guntun a gabansa na ce, "Baba, aiki ya fi ƙarfina."

Ya ɗauka ya murza da yatsa, ya shinshina, ya kai shi bakin ƙofa ya duba a haske. Ya tambaye ni inda na samo, na ce jikin kujerar Bature ce daga Ingila. Ya girgiza kai ya ce wannan fatar akuya ce, jar akuya irin tamu, jimar bagaruwa, rinin kuma na karan dafi ne. Na ce Baba ai daga bayan teku ta zo. Ya ce ko daga ina ta zo, shi dai ya san hannun mutanensa.

Bai ce zai zo ba. Na kwana, da safe na fito na tarar ya riga ya ɗaure jakarsa ta aiki, da fatu bakwai jajaye da ya zaɓo da kansa wurin majemi.

Kwana takwas muka yi a tsakar gidana. Ya zagaya kujerar, ya taɓa sabuwar ƙafar da na yi, ya kasa gane ta cikin sauran sai da na nuna masa. Bai yaba ba, amma na ga ya sake shafa ta. Ya nuna mini yadda ake jiƙa fata kaɗan kafin a ja ta, da yadda ake fere bakinta ta yi siriri don ɗinki ya kwanta. Kunnuwan nan da suka gagare ni, gida-gida ya yanka musu ya haɗa da basilla, har ba ka ganin zaren. Ni ke ja, shi ke ɗinki, ni ke buga ƙusoshin tagulla inda ya sa yatsa. A rana ta uku na ji yana ba ni labarin yadda mahaifinsa ya taɓa dukansa don ya ɓata fatar sirdi. A ta biyar har ya tambaye ni yadda ake haɗa katako biyu ba ƙusa, ya tsaya yana kallo ina nuna masa. Da na gaya masa amfanin kunnuwan, ya yi dariya ya ce a zafin nan namu sai dai su tare kan tsoho in gyangyaɗi ya kwashe shi.

Ranar da muka kai kujerar bariki, ja wur tana sheƙi, Baturen ya daɗe yana shafa hannunta. Ni kuwa bakina ya ƙi shiru, na sa masinja ya gaya masa abin da mahaifina ya faɗa game da tsohuwar fatar. Baturen ya buɗe ido. Ya ce a ƙasarsu fatar Maroko suke kiranta, amma ya taɓa jin cewa daga ƙasar Hausa ayarin raƙuma ke ɗaukar ta su keta Sahara da ita, a Marokon loda ta kawai ake yi a jirgi. Masinja ya juya maganar. Mahaifina ya gyaɗa kai ya ce, "To, ashe gida ta dawo canza riga."

Baturen ya ce sam ba zai zauna ba sai tsoho ya fara. Mahaifina, wanda duk rayuwarsa a kan buzu ya yi ta, ya tuɓe takalmansa, ya yi bisimilla, ya zauna a hankali. Wayoyin suka lotsa da shi, ya yi saurin kama hannun kujerar. Sannan ya jingina, ya sa kansa a kunne guda, ya lumshe ido, ya ce lallai mutanen nan sun san tsufa. Duk muka yi dariya, har da Baturen da bai jira fassara ba.

Bayan nan na auna ta a kaina na yi wasu irinta, ni katako, mahaifina fata. Dagatai da 'yan kasuwa daga Ikara har Janfalan sun saya. Duk wanda ya tambayi mahaifina wa ya yi, sai ya nuna ni ya ce, "Aikin yaron nan ne, ni taya shi kawai na yi."

Yanzu na wuce shekarun da yake da su a lokacin. In na tuna, abin da ke ba ni dariya shi ne na yi tafiya har Zariya ina gudun sana'ar gidanmu don in koyi ta Turawa, ashe tun zamanin kakanni a kan aikin gidanmu suke zaune. Amma abin da ya fi tsaya mini shi ne kalma huɗun nan da na yi shekara biyar ban iya faɗa ba. Da na san “aiki ya fi ƙarfina” kawai tsohon yake jira, da tun a kan benci na farko na faɗe ta.